Wa Ke Awon Iskar Da Talaka Ke Shaƙa?

Jama'ar Lafani da Illela, ku kawo kunne. Kowace Lahadi ana auna gero da mudu, a ɗora albasa a sikeli, a ƙidaya shanu a kara, a karɓi haraji ba ragi. To, iskar da muke shaƙa dare da rana fa, wa ke awonta?

Ga dalilin tambayarmu. Cikin Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki, sai Maris 2024 aka janye takunkumin. Wanda aka kashe wa fitila sau ɗaya, ai tasa zai nema. Ga kuwa kwal kwance a Salkadamna, cikin jihar Tahoua da ke iyaka da mu, inda Shugaba Mahamadou Issoufou ya aza tubalin tashar lantarki a 2014. Can Anou Araren, wajen Agadas, tun farkon shekarun 1980 suke ƙona kwal.

Ba mu ƙi maƙwabta su sami haske ba. Amma a cikin kwal akwai farar wuta, irin wadda 'yan koli ke sayarwa. In ta ƙone sai ta zama hayaƙi mai shaƙe ƙirji, mai tada asma. In ya haɗu da raɓa ko ruwan sama sai ya sauko da tsami a kan gona. Doguwar bututun hayaƙi ba ta kashe dafin, nesa kurum take jefa shi. Hayaƙi kuwa ba ya tsayawa ofishin kwastan.

Turawa sun ɗanɗana. Cikin Disamban 1952 hayaƙin kwal ya rufe Landan, mutum wajen 4,000 suka mutu nan da nan, tilas aka yi doka a 1956. Daga baya kifi ya riƙa mutuwa a tafkunan Suwidin da Norwe saboda hayaƙin Ingila da Jamus. Da me suka kama masu laifi? Da awo. A 1979 aka ƙulla yarjejeniya a Janeba, tashoshin awo na ƙasa da ƙasa suna ba da lissafi.

Mu fa? Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don tsaron muhalli. Amma a 2016 sai da wata ƙungiyar Suwizalan, Public Eye, ta tona asirin ƙazamin man gas da ake jibge wa Afirka. Dokar Nijeriya a lokacin ta yarda da farar wuta kashi 3,000 cikin miliyan, ta Turai kashi 10. Shi injin niƙa da janaretan kasuwa suka yi ta sha, mu muna shan hayaƙin. Ashe sai baƙo ne zai gaya mana abin da ke cikin hancinmu? Wannan abin kunya ne!

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Sakkwato da ta Tarayya. Na ɗaya, a kafa ma'aunin iska a Illela tun yanzu, don in iska ta ɓaci gobe kada wani ya ce dā ma haka take. Na biyu, a riƙa kafe sakamakon da Hausa a bakin kasuwa, a kuma faɗa a rediyo. Na uku, a zauna da mahukuntan Ƙwanni da Tahoua, awonsu da namu su zama ɗaya.

Masu mulki, in ƙirji ya ci tura, jirgi za su hau. Talaka kuwa sai jiƙo. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi: ina ma'aunin? Allah ya ba mu sawaba, amin.