RA'AYINMU: Hamadar Tamanrasset Tana Da Masu Ita

Duk falken da ya taɓa kora tumaki ko raƙuma daga Tawa ko Agadas ya nufi arewa, ya bi ta Arlit da Assamaka, ya tsallaka In Gezzam, ba sai an yi masa bayanin Tamanrasset ba. Shekara da shekaru mutanenmu suna kai dabbobi wannan gari na kudancin Aljeriya, suna komowa da dabino da gishiri, kuma a kasuwar Assihar da aka saba ci a can, Hausa tana cikin harsunan da ake ciniki da su. Saboda haka abin da ya shafi makiyayan duwatsun Ahaggar ya shafe mu, tun da Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, a shekarar 2023 gwamnatin Aljeriya ta sauƙaƙa wa baƙi 'yan yawon buɗe ido samun biza, in dai kudancin ƙasar za su, kuma ta hannun kamfanin yawo mai lasisi. Ma'anar wannan a wurin makiyayi ita ce ƙaruwar motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda mutanen Nijar suke kira kat-kat. Waɗansu suna ɗauke da baƙi zuwa Assekrem, mai nisan kimanin kilomita 80 daga gari, don kallon faɗuwar rana a kan duwatsu. Waɗansu kuwa na 'yan kulob ne masu sha'awar tuƙi, waɗanda daɗinsu shi ne su bar hanya su faɗa daji, su hau tudun rairayi, su gwada ƙarfin inji da gwanintar hannu. Tun kafin abin ya yi yawa muke so a yi magana, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan wasa ba baƙo ba ne a yankin. Ranar 26 ga Disamba, 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga Faris a gasar farko ta tseren Faris zuwa Dakar, wadda wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ƙirƙiro. Hanyarsu ta bi ta Tamanrasset, da Agadas, da Yamai, da Gao, da Bamako, kuma 74 ne kawai suka isa Dakar a watan Janairu na 1979. A yawancin shekarun 1980 haka gasar ta riƙa ratsa Aljeriya da Nijar, tana ƙara girma, da manyan motocin kaya da jiragen sama suna biye da ita. A 2008 aka soke ta saboda tsoron hari a Muritaniya, a 2009 ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma ta koma Saudiyya. To, gasar ta tafi, amma tunanin da ta dasa a zukatan masu tuƙi bai tafi ba, wato wai Sahara fili ne fetal wanda ba kowa a cikinsa, kowa ya ga dama ya murza sitiyari inda ransa yake so.

Wannan tunani shi ne muke ƙaryatawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ruwan da yake sauka a Tamanrasset a shekara guda bai wuce kimanin milimita 50 ba, wata shekarar ma ba a samun ko rabin haka. Garin kansa tun 2011 da ruwan famfo da ake turowa daga In Salah yake sha, tafiyar kilomita 750. A irin wannan ƙasa abincin dabba ba a baje yake ko'ina ba, a tattare yake cikin busassun ƙoramu da kwaruruka, inda ɗan ruwan da ya gangaro daga duwatsu yake nutsewa. A nan ne kandili da tamaci da aduwa suke tsayawa, a nan ne ciyawar da Abzinawa suke kira afazo take yin gindi, a nan ne kuma alwat yake fitowa bayan an yi ruwa, wanda taguwa in ta same shi takan daɗe ba ta nemi rijiya ba. Iyalan Kel Ahaggar sun san kowace ƙorama da sunanta, sun san wadda za a ci yanzu da wadda za a bari sai gaba.

Abin takaicin shi ne, ƙoramar nan da take rumbun makiyayi, ita ce kuma hanyar da direba ya fi so, domin ita ce shimfiɗaɗɗiya tsakanin duwatsu. Wanda yake cikin mota ba abin da yake gani sai busasshiyar ƙasa. Ba ya ganin irin ciyawa da yake kwance a ƙarƙashinta yana jiran ruwa, wani lokaci shekaru da dama. Ba ya ganin ɗan tsiron kandili mai tsawon ɗan yatsa, wanda ya tsira daga bakin akuya da zafin bazara, kuma da an bar shi da jikokinmu sun sha inuwarsa. Taya ɗaya ta isa ta gama da shi. Inda ƙasa take da laima, nauyin mota yana danne ta ta yi tauri, ruwa ya kasa shiga. Inda take a bushe, taya tana fasa ɓawon da ya rufe ta, iska ta kwashe ta. A filayen tsakuwa kuwa sawun mota yana iya yin shekaru masu yawa bai ɓace ba, domin babu ruwan da zai shafe shi.

Akwai kuma wata ɓarnar da direbobinmu suka fi kowa sani. In motoci suka yawaita bin hanyar da ba kwalta, sai ta yi gargada kamar kwanon rufi. Mai zuwa daga baya ba ya son girgiza, sai ya kauce gefe ya buɗe sabon sawu. Na bayansa ma ya ƙara kaucewa. Kafin a ankara, hanyar da faɗinta bai wuce taku goma ba ta cinye kwari sukutum. Wannan ba shi da bambanci da yadda gonaki suke cin burtali a ƙasar Hausa, kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi, har a wayi gari shanu ba su da wurin bi. Sai dai manomi yana yi ne don abin da zai ci, mai kat-kat kuwa don nishaɗi.

Sai batun ruwa da itace. A cikin Ahaggar akwai tafkunan dutse da suke riƙe ruwa, kamar na Afilal da Issakarassene, waɗanda mutum da dabba suka dogara da su. Baƙon da ya kwana a bakin irin wannan ruwa, ya yi wanka da sabulu a ciki, ya bar gwangwani da leda, ya ƙona busasshen itacen da uwargida take tsinta da ƙyar, ya tafi da hotunansa yana murna, bai san ya bar wa wani wahala ba. Haka kuma garken raƙuma in ƙarar inji ta firgita shi ya watse, mai shi yana iya yin kwanaki yana bin sawu, taguwa mai ciki kuma tana iya yin ɓari. Wa zai biya? Motar da ta yi ɓarnar ta riga ta yi nisa, ba wanda ya riƙe lambarta.

Masu cewa muna zuzuta abu, sai su tuna da Bishiyar Tenere. Ƙaya ce guda ɗaya tilo a bakin rijiya, a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Madugai sun yi ta wucewa ta gindinta da dubban raƙuma, ba wanda ya sare ta don hura wuta. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a wurinta kuma an kafa ta ƙarfe. Abin da ayari ya kiyaye tsawon zamani, mota ta kashe shi a daƙiƙa guda.

Wani abin da ya fi ciyawa ciwo shi ne yadda ake auna rai. A watan Janairu na 1982, Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministan Ingila ta lokacin, ya ɓata a kudancin Aljeriya yana cikin gasar. Aka tashi jiragen soja, duniya ta ɗauka, bayan kwana shida aka same shi da abokan tafiyarsa biyu da ransu, aka kai su Tamanrasset. Mun gode Allah da aka same su. Amma a gasar 1988 wata mota ta kashe yarinya 'yar shekara goma a garin Kita na ƙasar Mali, wata kuma ta 'yan ɗaukar hoto ta kashe uwa da 'yarta a Muritaniya, gasa kuma ba ta fasa isa Dakar ba. A watan Oktoba na 2013, mutum 92, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, suka mutu da ƙishirwa bayan motocinsu sun lalace a kan hanyar Arlit zuwa Tamanrasset. Hamadar ɗaya ce. Ga wani filin wasa ce, ga wani kuwa wurin neman abinci ce, wani lokaci ma kabari. Wanda ya zo wasa ya kamata ya shigo da ladabi.

Kada a ɗauka muna gaba da baƙi. Ko kusa. Da yawa daga cikin direbobi da jagorori da masu dafa abincin 'yan yawo 'ya'yan makiyaya ne, waɗanda farin 1973 da na 1984 ya raba iyayensu da dukiya. Lokacin da aka sace Turawa 32 a Saharar Aljeriya a 2003, waɗanda suke yawo cikin motoci da babura ba tare da jagora ba, baƙi sun ɗauke ƙafa, kuma gidajen waɗannan bayin Allah ne suka fara jin yunwa. Bayan wannan ne hukuma ta wajabta wa baƙo tafiya da jagoran gida. An yi dokar ne don tsaron ran baƙo. Mu kuwa muna cewa jagoran nan shi ne ya fi dacewa ya tsare ƙorama, tun da shi ya san inda akuyoyin gyatumarsa suke kiwo.

Haka nan laifi tudu ne. Motocinmu na ɗaukar dabbobi, da ƙananan Toyota da masu hali a cikinmu suke kai wa garke ruwa da su, su ma suna buɗe sawu inda babu. Akwai kuma 'yan gida masu bin barewa da mota har ta faɗi don gajiya. In muna so a ji kukanmu, sai mu fara gyara namu.

Abin da muke nema ba sabo ba ne a duniya. A ƙasar Aisilan, tuƙi a wajen hanya laifi ne da ake cin tara a kansa. A Ingila, dokar 2006 ta hana motoci bin yawancin tsofaffin hanyoyin ƙauye da ba a yi musu rajistar mota ba. A Kenya akwai gasar kat-kat mai suna Rhino Charge da ake yi tun 1989, inda ake ƙayyade yawan motocin da za su shiga, ana kuma karɓar kuɗin shiga fili a ba al'ummar da aka yi wasan a ƙasarta. Ita ma Aljeriya tun 1987 ta keɓe Ahaggar a matsayin yanki mai kariya, Nijar kuma a dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Harsashi yana nan, gini ne ya rage.

Don haka muna kira ga hukumomin Tamanrasset, da na Agadas, da kamfanonin yawo, da shugabannin kulob-kulob na masu tuƙi, da su duba waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, a shata hanyoyin motocin shaƙatawa a sa musu alama, kamar yadda ake kafa wa burtali duwatsu, wanda ya kauce kuma a ci shi tara. Masu son gwada gwaninta a ware musu tuddan rairayi inda ba kiwo.

Na biyu, kada a ba kowace gasa izini sai an zauna da shugabannin makiyayan da za a ratsa ƙasarsu, an nuna musu hanya, an faɗa musu rana, don su kawar da dabbobi da yara.

Na uku, ƙoramar da ta samu ruwa a rufe ta ga motocin wasa har ciyawa ta zubar da iri. Makiyaya su ne za su ba da labarin inda aka yi ruwa, domin su suke fara sani.

Na huɗu, kada a yada zango a bakin rijiya ko tafki, baƙo ya zo da makamashinsa, ya koma da sharar da ya tara.

Na biyar, kowace motar gasa ta ɗauki lamba babba da za a iya karantawa daga nesa, masu shirya gasar kuma su ajiye kuɗin diyya a hannun hukuma tun kafin a tashi, yadda wanda aka kashe wa raƙumi ba sai ya bi kowa Turai ba.

Ga 'yan'uwanmu makiyaya da fatake kuma, shawararmu ita ce kada a tare hanya, kada a yi jifa, kada a ɗauki doka a hannu. In an yi ɓarna a riƙe lambar mota da rana da wuri, a ɗauki hoto da waya in da hali, a samu shaidu biyu, a kai wa ardo ko tambari ko shugaban ƙungiya, shi kuma ya kai gaba a rubuce. Kukan da ba a rubuta ba, iska ce take tafiya da shi.

Baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya wuce. Makiyayi kuwa yana nan da zuriyarsa, da rani da damina, kuma shi zai zauna da abin da taya ta bari. Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye matafiya, amin.