Kafin ka kashe kuɗi a kan makirfo, duba baƙonka na nesa

Duk matashin da zai fara podcast a Sakkwato, tambayarsa ta farko ita ce wane makirfo zai saya. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba.

Kana Mabera da kwamfutarka, baƙonka yana Yamai ko Landan, kuna hira ta Zoom, kana naɗar kiran kai tsaye. Da intanet ta yi rawa sai muryarsa ta tsinke, kuma babu manhajar da za ta dawo da kalmar da ba ta iso ba. Gara ya sa iyafis, ya naɗi muryarsa da wata waya daban, ya turo maka fayil ɗin ta WhatsApp a matsayin takarda, domin saƙon murya matse sauti yake yi. Kai kuma ka naɗi taka da Audacity, kyauta ce, sannan ka jera muryoyin biyu. Riverside da Zencastr na yin wannan aikin da kansu, amma fa suna shan data.

Baƙon da ke gabanka kuwa, ɗaki ne damuwarsa. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, kashe fanka azaba ce, amma makirfo ba ya yi mata uzuri, haka janareta da hon ɗin 'yan kabu-kabu. Ku zauna da sassafe a ɗaki mai labule da kafet, nesa da titi, ku kammala kafin rana ta ɗaga.