Wa Zai Ɗaure Kaya, Malam?

Malam, na karanta rubutunka da kake ba baƙin Sakkwato shawarar su haɗa nasu-ya-nasu tun ƙasa ba ta rabe ba. Ka kira shi hangen nesa. Wallahi ingiza mai kantu ruwa ne.

Ka manta wa'adin da gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta bayar a Kaduna ranar 6 ga Yunin 2017, cewa Ibo su tashi kafin 1 ga Oktoba? A watan Agusta suka janye. Amma maƙwabcina mai kayan gyaran mota a titin Emir Yahaya ya riga ya tura iyalinsa Anaca. Da idona na ga 'yarsa, haifaffiyar Sakkwato, tana kuka a tasha, da Hausa take kukan.

Namu fa? A Fabrairun 2021, da aka tsayar da kai abinci Kudu na 'yan kwanaki, a hannun manomanmu albasa da tumatir suka yi kwantai. Mahautanmu da ke Fatakwal, ina ka tanadar musu?

"Araba" ta 1966, wato kiran a raba ƙasa, yaƙin wata 30 ta haifa, kuma waɗanda suka gan shi suna nan da rai a Sakkwato. Ka je ka tambaye su.