Bindigar Toka: Baƙuwar Da Ta Zama 'Yar Gida

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ji rugugin 'yan bindiga, ya kuma ga hayaƙin da ke turnuƙe gaban sarki. Amma ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda bindigar nan ta fito, ko yadda ake haɗa ta. A ganina wannan sakaci ne, kuma mu ɗaliban Hausa muna da kaso babba a cikinsa.

Asalin bindiga mai ƙanƙara ƙasar Faransa ne. A farkon ƙarni na 17 maƙeran can suka daidaita hikimarta, ana kuma danganta aikin ga wani mai suna Marin le Bourgeoys. Sassanta uku ne: bututun ƙarfe, da ƙotar itace, da ƙarfen da ke ta da wuta. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a bi shi da dalma da tsumma, a danna da sanda. In an ja kunama sai ƙanƙara ta daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da ke wani ƙaramin kasko a gefe, wuta ta bi ta 'yar kafa ta shiga ciki. Wato dai ƙyastun da kakanninmu suka sani ne aka ɗaura wa bututu.

Fataken Turai ne suka yi ta sauke ta a gaɓar teku, cikinsu har da mutanen Danmak da suka zauna a Ankara ta ƙasar Gana har 1850, shi ya sa Ingilishi suka laƙaba mata sunansu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A ƙarni na 19 kuwa, Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana yin albarushi da igwa a Zindar. Da Turawa suka ƙulla yarjejeniyar Burasel a 1890, sai suka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar musu mai ƙanƙara, wadda su tuni suka yi watsi da ita. Abin da aka bar mana don raini, shi maƙeranmu suka karɓa, suka koyi gyaransa, daga baya suka ƙera nasu don maharba da masu tsaron gona.

To, a nan gizo ke saƙa. Tashin hankalin 'yan fashin daji ya sa duk maƙerin da aka gani da bututu abin zargi ne. Ba na jayayya da doka, tun 1959 dokar makamai ta Nijeriya ta wajabta lasisi, kuma wanda ya ƙera wa ɓarawo makami ya cancanci hukunci. Amma tsoro ya rufe bakin dattawan da suka gaji sana'ar, ga shi kuwa kowane sashe na bindigar nan yana da suna a bakinsu, maharba kuma suna da kirari da camfe-camfe a kanta. Ranar da suka kwanta dama, kalmomin sun bi su.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin digiri, mu nemi izinin masu unguwanni da sarakunan maƙera, mu zauna gaban tsofaffin nan da alƙalami da rikoda. Abin da muke nema sunaye ne da tarihi, ba dabarar ƙira ba. Tsofaffin bindigogin kuma a tattara su a wurare irin Gidan Makama, kowace da sunanta na Hausa a jikinta. Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu farga tun da sauran masu ba mu labari.