Zauren Uwargida: Kai Yara Wasa Dubai A Watan Agusta

Dogon hutun yara ya ƙarato, kuma na san a wasu gidajen tuni an fara zancen biza da tikiti, Alhaji ya yi alkawarin kai iyali Dubai su ga wuraren wasa. To madalla, Allah ya ƙara buɗi. Amma kafin a ɗaure akwati ina da magana, kuma da ke nake, uwargida, don in yaro ya langaɓe a tsakiyar layi, ke za a miƙo wa.

Hutun namu yana faɗowa ne a Yuli da Agusta, lokacin da Kano ke cikin ni'imar damina, zafi wajen digiri 30. A daidai wannan lokacin Dubai take tafasa. Da rana ya kan haura 40 kusan kullum, da dare ma da ƙyar yake sauka ƙasa da 30. Wato mutum ya bar sanyi a gida, ya biya kuɗin jirgi ya tafi neman zafi.

Na sha jin maza suna cewa, haba, mu da muka sha bazarar Maris da Afrilu, wane zafi ne zai ba mu tsoro? Ranka ya daɗe maigida, zafin can daban ne. Dubi randar ƙasa. Ruwanta yana sanyi ne saboda ɗan tsattsafowar da yake yi ta jikinta, iska ta busar, ta tafi da zafin. Shi ya sa randa ta fi sanyi da rani a kan damina. Jikin ɗan Adam ma haka yake, gumi ne ke sanyaya shi, amma fa sai ya bushe. Zafinmu na Arewa busasshe ne. Dubai kuwa a bakin teku take, iskarta cike da laima, sai ki jiƙe sharkaf gumin ya ƙi bushewa, jiki na ta dahuwa a ciki. Su kansu masu ƙasar ba sa wasa da shi. Tun 2005 hukuma ta fara hana leburori aiki a rana lokacin zafi, yanzu hanin yana tsakanin sha biyu da rabi zuwa uku na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, kamfanin da ya saɓa a ci shi tara. Awannin da aka hana ƙarti majiya ƙarfi tsayuwa, su ne za ki tsayar da ɗan shekara huɗu a layin lilo?

Don haka ni shawarata, tun a gida a zauna da maigida a zaɓi wuri, kada a bari sai an sauka. Akwai wuraren da gaba ɗayansu a rufe suke da na'urar sanyaya ɗaki. IMG Worlds of Adventure da aka buɗe a Dubai a 2016 haka yake. In an yarda da tafiyar kamar awa guda a mota zuwa tsibirin Yas na Abu Dabi, akwai Ferrari World, da Warner Bros World da aka buɗe a 2018, da SeaWorld na 2023, duk sai a wuni ba a ga rana ba. Ski Dubai kuma, cikin Mall of the Emirates, ƙanƙara ce ma ake wasa a kai, har rigar sanyi suke bayarwa. Su Legoland da Motiongate wani sashe a rufe, wani a fili, waɗannan sai la'asar sakaliya. Global Village da Miracle Garden da ake ta ganin hotunansu a waya kuwa, rufe su ake yi da zafi, kada ki yi wa yara alkawarin abin da babu.

Inda rigima take tashi shi ne wajen kuɗin shiga. Alhaji ya biya wa mutum shida, ya lissafa da naira ya ji ciwo, sai ya ce ba inda za a je sai an hau komai, tun buɗewa har rufewa. Kada ki ja da shi a bakin ƙofa gaban yara, zafi na sa mai haƙuri ma ya yi faɗa. Tun da dare, bayan an ci abinci, ki lallaɓa shi ku tsara wunin: ga lokacin fita, ga lokacin azahar da abinci da hutawa a sanyi, ga na komawa. In amarya ma na cikin tafiyar, a raba yaran tun a masauki kowa ta san nata, don a cunkoso kowa sai ta ɗauka yana hannun ɗaya.

Sutura kuma, 'yar uwa, ki ajiye shadda mai sitaci da leshi mai duwatsu sai daren zuwa Dera sayen gwal. Atamfa mai taushi ko doguwar riga ta auduga, sakakkiya, mai haske, da mayafi mara nauyi. Yara a sa musu hula. A wurin wasan ruwa kada su taka ƙasa ba takalmi, daɓen na ƙona tafin ƙafa. Yas Waterworld kan ware lokaci na mata zalla, ki tambayi ranar.

Yaro in wasa ya yi daɗi ba ya cewa ƙishirwa. Ke za ki riƙa bin sa da gora, kurɓi kaɗan kaɗan, ba sai ya nema ba. Lemon kwalba da askirim ba sa maye gurbin ruwa. In kin kai shi bayi ki duba, fitsari ya yi ja ko ya yi ƙaranci, ruwa ya gaza. Ki jefa 'yan ƙullin ruwan gishiri da sukari na kemis a jaka, ba su da nauyi. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono za a ƙara masa, ba ruwa ba. Sannan wannan al'ada tamu ta lulluɓe keken jariri da zani don kare rana, a bar ta, iska take tsarewa cikin ya zama tanda.

Na taɓa ganin wata yarinya a layi, mai surutu ce da farko, sai ta yi shiru, ta ce kanta na ciwo, tana jin amai. Uwar ta ɗauka rigima ce. To wannan shi ne farkon galabaita. A fita daga layi nan take, a shiga sanyi, a sassauta kaya, a shafa ruwa a wuya da hammata, a ba ta ta sha. Amma in yaro ya fara sambatu, ko bai gane ki ba, ko ya suma, jiki ya yi rau kamar garwashi, wannan ya wuce jiƙa tsumma kawai. Ki kira ma'aikacin wurin da ke kusa, suna da ɗakin agaji, lambar motar asibiti a ƙasar kuma 998 ce. Kafin su iso a ci gaba da zuba masa ruwan sanyi ana fifita, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki.

Wadda kuma maigidanta ke jin shawararta, ta gwada roƙon a ɗaga tafiyar zuwa hutun Disamba. Lokacin garin ya yi sanyi, Global Village a buɗe, sai dai kuɗin otal ya kan hau.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.