Jirgin Sama A Cikin Akwati

A watan nan sama za mu leƙa.

Akwai wani ɗan ƙaramin jirgin sama mai suna CH 701, wanda galibi ba a haɗe ake sayensa ba. Akwatin katako ake aiko wa mutum, cike da fallayen alminiyam da ƙusoshi dubbai da takardun zane, shi kuma ya zauna a garejinsa ya harhaɗa. Wani injiniya, Chris Heintz, shi ya zana shi a Kanada, ya fito da shi a 1986. Mutum biyu yake ɗauka. Yawanci injin Rotax na ƙasar Ostiriya ake sa masa, wanda ke shan fetur irin na mota. Kyan gani kam ba shi da shi, kusurwa ko'ina kamar akwatin ƙarfe. Amma an yi wa gaban fukafukinsa wani ƙari da ke riƙe iska ko yana tafiya a hankali, don haka filin da bai kai na ƙwallo ba ya ishe shi tashi da sauka.

To, mene ne namu a ciki? A filin jirgi na Kpong, ƙasar Gana, wata yarinya mai suna Patricia Mawuli ta fara aiki a 2007 tana tumɓuke kututturan itace. Ta nace sai an koya mata. A 2009 ta sami lasin tuƙi, kuma da hannunta ta haɗa jirage irin wannan, ta tashi da su.

Mu kuwa zangonninmu cike suke da makanikai da masu walda da maƙeran kwano, waɗanda hannunsu ya faɗa kan ƙarfe. Sau nawa muka ji wani yaro ya ƙera "jirgi" da injin babur da tsohon kwanon rufi, aka taru aka yi tafi, shi ke nan? Basira ce, ba mu musu. Sai dai aikin jirgi ba ya karɓar "haka ma ya yi". Kowane rami da awonsa, kowace ƙusa da lambarta, kuma sai hukumar jiragen sama ta duba ta sa hannu kafin ƙafarsa ta bar ƙasa.

Kuɗin akwatin da injin ya fi ƙarfin mutum ɗaya a cikinmu, gaskiya. Amma ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗin biki da na jana'iza, za su gaza tura yaro ko yarinya ɗaya koyon wannan sana'a?

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.