Ɗumin Ƙwayar Cuta a Matsayin Hujja

Duk halittar da Allah Ya yi wa rai, komai ƙanƙantarta, tana fitar da ɗumi matuƙar tana ci tana hayayyafa, kuma bisa wannan ƙa'ida ce masanan Jami'ar Basel ta ƙasar Suwizalan suke zuba ƙwayoyin cuta a 'yar kwalba, su ɗiga musu magani, su toshe bakinta, na'ura kuwa ta dinga auna zafin da ke tashi, ko da bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na wat ba. In maganin ya kama, sai zafin ya jinkirta ko ya faɗi. Kuma a 2009 sun bayyana cewa maganin da ke fasa bangon ƙwayar yana barin alama dabam da wanda ke hana ta haɗa furotin, ta haka ake gane ƙofar da sabon magani yake shiga.

To, wanda ya san yadda ake yanka katin kafso a Sabon Gari, a miƙa wa mai mura ƙwaya biyu ba tare da takardar likita ba, ya san dalilin da cututtukanmu suke bijire wa magani. Mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024 gyara ne, amma bai gaya wa likitan Asibitin Zana da ke Fagge wane magani ne har yanzu yake ci ba. Haƙƙi ne a kan hukuma ta samar wa Jami'ar Bayero wannan na'ura, ta kuma horar da masu aiki da ita.